Yadda ake bi da tiyon numfashin tankin mai a babur ɗin daji

Duk litar fetur da ta fita daga tanki, sai litar iska ta shiga ta maye gurbinta. In iskar ba ta samu hanya ba, mai zai rage gudu sannu a hankali har ya tsaya cak, kamar jarkar da aka kifa bakinta ƙasa, tana zuba tana shaƙewa. Wannan shi ne aikin ɗan siririn tiyon nan da ke fitowa daga murfin tanki a babur ɗin daji. Amma aikinsa bai tsaya ga shigar da iska ba. Idan rana ta buga tanki, ko zafin inji ya taso daga ƙasa, fetur yana kumbura yana tururi, kuma ta wannan tiyon matsin zai fita. Na uku, babur ɗin daji faɗuwa yake yi, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma duk lokacin da ya kwanta, tiyon ne ke yanke hukuncin inda man da ya tsiyayo zai sauka: a ƙasa, ko a kan salansa mai zafi.

Saboda haka hanya mai kyau ita ce wadda ta cika waɗannan ukun a lokaci guda. Mafi yawan matsalar da ake samu daga gyara ɗaya a manta da biyu take zuwa. Wani mai ke zubar masa, sai ya ɗaure bakin tiyon, babur ya riƙa mutuwa a hanya. Wani kuma ya saki tiyon yana reto don iska ta wadata, ya yanki jiki ya faɗi, fetur ya wanke masa injin.

Yadda za ka gane tiyon ne ke da laifi

Alamar toshewa ba ta ɓuya ga wanda ya santa. Babur ya tashi lafiya, ya yi tafiyar 'yan mintuna ba wata matsala, sai ya fara shaƙewa idan ka murɗa totur, kamar mai ya ƙare alhali tanki na da mai. Ya mutu. Ka tsaya ka ɗan jira, ya sake tashi, ya sake maimaita halinsa. A daidai lokacin da ya mutu, kwance murfin tanki ka kasa kunne. In ka ji iska ta ruga ciki da ƙara, sannan babur ya tashi nan take, to ba fulogi ba ne, ba kafireto ba ne, numfashi ne. Abin ya fi saurin bayyana idan tanki a cike yake, domin iskar da ke sama kaɗan ce, ɗan man da aka ja ya isa ya sa tankin ya riƙe sauran man. Da rabin tanki kana iya yin nisa kafin ya nuna.

A babur mai injekta abin yakan ɗan bambanta. Famfon da ke cikin tanki yana tura mai da matsin da ya kai wajen bar 3 a ma'aunin matsi, don haka ba ya saurin sallamawa. Zai ci gaba da ja har gefen tankin roba ya lotsa ciki, ka ji kukan famfon ya canza, shi kuma yana cin wuya a banza.

Kishiyar wannan ita ce matsi ya taru ya rasa mafita. Ka ajiye babur a rana ka dawo ka tarar mai na ɗiga ta tiyon kafireto, ko ya ƙi tashi saboda ya sha mai ya yi yawa, ko ka buɗe murfi ya fesa maka. A nan ma numfashin ne, sai dai ta ɗaya fuskar.

Kafin ka taɓa komai

Bari inji ya huce sarai. Yi aikin a fili, inda iska ke kaɗawa, ba a ɗaki a rufe ba, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya bi daɓe ya je ya samu wuta a inda ba ka zata ba. Ba taba, ba ashana, ba mai walda a kusa. Rufe makullin mai in babur ɗinka na da shi. Ya fi sauƙi idan tanki bai wuce rabi ba.

Kayan aikin ba su da yawa: sabon tiyo, reza ko almakashi mai kaifi, filaya, 'yan igiyoyin roba masu haƙora na ɗaure waya, ƙaramin kilif na baki, sirinji babba marar allura, guntuwar waya mai laushi, da tsumma.

Wajen zaɓen tiyo ne mutane ke yin sakaci. Ba kowace roba ce ke jure fetur ba. Farin tiyon nan mai garai-garai na ruwa yana kyau ranar farko, bayan 'yan watanni ya ƙandare ya zama kamar kara, ya tsage a bakin murfi. Na silikon kuwa laushi ne da shi, yana jure zafi, amma fetur na kumbura shi. Nemi wanda aka yi don mai: baƙar robar da aka rubuta wa SAE J30 a jiki, ko ruwan ɗorawar nan na Tygon da ake sa wa ƙananan injuna. In man da kake sha yana da haɗin etanol, irin E10, zancen ya ƙara muhimmanci, don etanol na saurin cinye roba marar inganci. Faɗin ramin ciki a yawancin babura milimita 5 ne zuwa 6, amma kada ka yi cinke. Yanki guntun tsohon ka gwada da sabon, ko ka auna hancin da ke kan murfin, inda ake cusa tiyon. Ya kamata ya shiga da ɗan ƙarfi. Wanda ya zurma ba wahala, haka zai fice ba wahala.

Mataki na farko: fara da murfin kansa

Kafin ka yi tunanin hanya, tabbatar murfin na numfashi. Cire tsohon tiyo, kwance murfin, juya shi ka duba cikinsa. Yawanci akwai baƙar roba da ke zagaye ciki, a bayanta kuma wani lokaci akwai ɗan ƙwallo ko 'yar faifan roba da ke hana mai fitowa da yawa idan ya yi tsalle. Zare robar a hankali, lura da yadda take zaune don ka mai da ita daidai, ka wanke ƙura da dattin da ya daskare. Sa sirinji a hancin murfin ka tura iska, sannan ka ja. Shiga dole ta zama ba cikas. Fita tana iya ɗan yin nauyi, wannan ba laifi ba ne, amma kada ta toshe gaba ɗaya.

Kada ka tsotsi tsohon tiyo da baki don gwaji. Fetur a huhu ba abin wasa ba ne. Kuma kada ka ɗora iskar kwamfiresa a kan tanki a rufe, tana iya kumbura shi ko ta fasa 'yar robar cikin murfi.

Wasu babura, musamman waɗanda aka yi don titi da daji duka, murfinsu na makulli ne, a shafe yake da saman tanki, ba hanci a kansa. Irin waɗannan, hancin numfashi yana ƙarƙashin tanki, kuma sau da yawa za ka tarar da hanci biyu kusa da juna. Ɗaya na numfashi ne, ɗaya na zubar da ruwan sama da man da ya malalo a kwarmin da ke kewaye da bakin tanki. Kada ka rikita su. Rufe bakin tankin da kyau, ka ɗiga ruwa kaɗan a ɗan ramin da ke cikin kwarmin, ka ga ta wane hanci zai fito. Wancan shi ne na zubarwa, shi kam ƙasa kawai ake kai shi. Ɗayan shi ne namu.

Mataki na biyu: zaɓi inda bakin zai ƙare

Hanya biyu ce a aikace. Ko dai ka cusa shi cikin wuyan babur, ko ka bi da shi ta jikin firam zuwa ƙasa.

Ta farko ita ce za ka gani a yawancin baburan tsere irin su Honda CRF, Yamaha YZ, Kawasaki KX da Suzuki RM. Sandar da ta ratsa wuyan babur, wadda kan ke juyawa a kanta, rami gare ta a tsakiya, kuma babban notin da ke samanta a huje yake. Tiyon ya taso daga murfi, ya yi baka, ya faɗa cikin wannan ramin. A ganina, in babur ɗinka ya yarda da wannan hanyar, kada ka nemi wata. Dalili kuwa shi ne wurin shi ne tsakiyar juyawar kai. Ka karya kan hagu ko dama iya ƙarshe, ramin yana nan inda yake, don haka ba abin da ke jan tiyon. Wurin kuma yana sama, nesa da ruwa da laka, nesa da salansa, kuma in mai ya fito, ta cikin sandar zai gangara ya ɗiga a kan robar da ke rufe tayar gaba.

Sai dai ka tabbatar ramin a buɗe yake har ƙasa. Zura wayar nan mai laushi daga sama ka ga ko za ta ɓullo ta ƙasa, ko ka haska fitila ta sama ka leƙa ta ƙasa. Laka takan toshe ƙasan, musamman bayan tafiyar damina, sai ramin ya koma rijiya: mai da ruwan wanki su taru a ciki, bakin tiyon ya nutse. In ka ga sandar a rufe take daga ƙasa, ko tana da huji a gefe ta ciki, ka bar wannan hanyar, domin fetur in ya samu boris ɗin wuya zai wanke masa giris, bayan ɗan lokaci ka ji kan yana kakkamawa.

Hanya ta biyu dole ce ga wanda ya ɗora na'urar hana kai rawa, irin ta Scotts ko Öhlins da ke zama a saman wuya, domin ta rufe ramin. Haka ma wanda ya canza tanki ya sa babba irin na Acerbis ko IMS, murfin ya matsa daga inda yake, ko wanda hancin numfashinsa a ƙarƙashin tanki yake tun asali.

Mataki na uku: auna, sannan ka yanka

Kada ka yanke tiyon tukuna. Sa baki ɗaya a hancin murfi, murfin kuma a ɗaure yadda yake zama in ana tafiya. In robar ta ƙi shiga, tsoma bakin a ruwan zafi na ɗan lokaci, ka goge, zai yi laushi ya shige. Ba a gasa shi da wuta.

In hanyar wuya ka zaɓa, ɗaga tiyon ya yi baka mai faɗi a sama da murfin, sannan ya sauka cikin ramin. Bakan nan ba ado ba ne. Shi ke sa man da ya yi tsalle ya hau tiyon ya gaji ya koma tanki maimakon ya wuce waje. Dubi inda zai bi dangane da hannun babur: wasu ta ƙarƙashin sandar tsakiya suke bi, wasu ta gaban kushin, ya danganta da tsayin hannun. Abin lura shi ne kada ya matse tsakanin hannun da tanki idan an karya kai. Ka bar abin da zai shiga cikin ramin kamar santimita 5 zuwa 8. In ya gaza haka, gargada za ta fizgo shi waje. In ya wuce haka da yawa, zai yi wuyar juyawa a ciki. Riƙe shi a haka, karya kan hagu har ya daki maƙura, karya dama, kana kallon bakan. Kada ya miƙe ya yi tauri, kada ya karye ya yi gwiwa. Sai ka sa alama ka yanka.

Yanka bakin a karkace, ba a miƙe ba. Bakin da aka yanka a miƙe yana iya manne wa bango ko ƙasan wani abu ya toshe kansa. Na karkace ko ya jingina, akwai gefen da iska za ta bi.

Akwai wata 'yar matsala da duk mai irin wannan babur ya sani: murfin na zagayawa ne, kuma kowane zagaye yana murɗa tiyon. Ka sha mai, ka ɗaure murfi, tiyon ya nannaɗe ya shaƙe ba ka lura ba, ka yi gaba kaɗan babur ya mutu. Shi ya sa ba a ɗaure bakin da ke cikin wuya, a sake ake barinsa don ya riƙa juyawa tare da murfin. In naka ba ya juyawa da kansa, ka saba da zaro shi kafin ka kwance murfi, ka mai da shi bayan ka ɗaure. Ana kuma sayar da ɗan mahaɗi mai juyawa da ake sawa a tsakiya, yana aiki, in dai ka duba ba ya yoyo.

In ta jikin firam za ka bi

Nan ne aikin ke buƙatar haƙuri, don hanyar doguwa ce kuma maƙiyanta da yawa. Cire kujera da robobin gefen tanki don ka ga abin da kake yi.

Ƙa'idar farko ita ce sama tukuna, sannan ƙasa. Daga murfi, tiyon ya hau ya yi baka, daga nan kuma ya riƙa gangarowa ba tare da ya sake hawa ba. Duk inda ya yi ciki, wato ya sauka ya sake tashi, nan mai zai kwanta. Ɗan man da ya kwanta a gwiwar tiyo ya isa ya hana iska wucewa yadda ya kamata, sai ka rasa gane dalilin da babur ke shaƙewa alhali tiyon sabo ne kuma ba a toshe yake ba. Bi shi da ido daga sama har ƙasa ka tambayi kanka: in na ɗiga mai a ƙololuwar bakan, zai gangara har waje ko zai tsaya a wani wuri?

Daga gaban tanki, shigar da shi ta gefen wuyan firam, ta ɓangaren da salansa ba ta bi ba. A babura da yawa bututun hayaƙin ta dama yake zagayawa, don haka hagu ta fi, amma dubi naka. Bututun da ke fitowa daga kan inji yana zafin ɗaruruwan digiri, ya ninka abin da kowace roba za ta jure, kuma ya wuce zafin da fetur ke kamawa da kansa. Ka bar tazarar aƙalla faɗin yatsu huɗu tsakaninsu, ka kuma tuna tiyon na motsi in ana gudu, inda yake a tsaye ba nan yake zama a gargada ba. Kan silinda da bayan lagireto ma suna da zafi, in akwai fanka kuma kada ya kusanci fukafukanta.

A daidai wuyan akwai cunkoso: wayar totur, wayar kuloci, tiyon birkin gaba, da wayoyin lantarki. Dukansu suna motsi da kai. Tiyon numfashi ya bi ta bayansu, a jikin firam ɗin da ba ya motsi, kada ya sarƙe da su, kuma kada ka ɗaure shi a jikin wayar totur don ka ga ta yi kusa. Wayar totur da aka ja ko aka matse tana iya ƙara wa inji wuta da kanta in ka karya kai. Duba kuma inda maƙurar kai ke dukan firam, da inda ƙahonnin gaba ke kusantar tanki. Tiyon da ya faɗa nan, karya kai ɗaya ya isa ya datse shi.

Daga nan ka zaɓi ko ya sauka ta sandar firam ta gaba ya ƙare a bayan farantin da ke kare ƙasan inji, ko ya bi ƙarƙashin tanki ya koma baya ya sauka a ratar da ke tsakanin bayan inji da hannun tayar baya, inda tiyoyin kafireto ke sauka. Ta biyun ta fi kariya daga duwatsun da tayar gaba ke watsowa. In ka bi ta ƙarƙashin tanki, lura da robobin da tankin ke zama a kansu. Mutum ya shimfiɗa tiyo da kyau, ya mai da tanki ya ɗaure noti, bai san ya danne shi ba. Bayan ka ɗaure tankin, ja tiyon kaɗan gaba da baya. In bai motsa ba, a danne yake.

Bakin ƙarshe ya leƙo ƙasa da firam kaɗan, yadda abin da ya fito zai ɗiga ƙasa kai tsaye. Kada ya kasance saitin taya, ko faifan birki, ko sarƙa. Fetur a kan taya santsi ne, a kan sarƙa kuma yana wanke mai yana lalata 'yan robobin da ke tsakanin gaɓoɓinta. Ban da yankan karkace, tsaga bakin a tsaye kamar santimita 2. In laka ta cushe ƙarshen, tsagar na ba da hanya.

Ɗaurin kuwa sako-sako ake yi. Igiyar robar ta riƙe tiyon a wurinsa, ba ta shaƙe shi ba. In ka ja ta har ta yi wa robar ƙugu, ka rage ramin da hannunka. Ka bar yadda za ka iya zame tiyon a cikinta da yatsu biyu. Inda dole ya yi lanƙwasa mai tsanani, zura masa ɗan sifirin a waje ya tallafe shi, ko ka ƙara tsayi ka faɗaɗa kwanar. Kilif kuma a hancin murfi kawai ake bukatarsa.

Abu biyu da za ka ga wasu na yi, ni ban yarda da su ba. Kai bakin cikin akwatin iska, wai don tsabta: in babur ya faɗi, fetur zai wanke man da ke jikin soson tace iska, ƙura ta samu hanyar shiga inji, ga kuma tururin mai a wurin da inji kan yi atishawar wuta. Sai haɗa shi da tiyon numfashin inji ko na kafireto don rage yawan tiyoyi. Kowannensu aikinsa daban, matsinsa daban, a bar kowa da hanyarsa.

Ga mai ratsa ruwa

Bakin da ke ƙasa yana da aibi ɗaya: in ka shiga rafi ya nutse, iska ta yanke, kuma tankin na iya zuƙo ruwa. Maganin shi ne mahaɗi mai baki uku. Yanke tiyon a wani wuri mai tsayi, ƙarƙashin tanki ko kujera, ka sa mahaɗin. Reshe ɗaya ya ci gaba zuwa ƙasa, shi ne na zubar da mai. Ɗayan ya hau sama iya yadda zai yiwu, bayan fitilar gaba ko ƙarƙashin kujera, ka lanƙwasa ƙarshensa ya kalli ƙasa don ruwan sama da na wanki kada su shiga. In na ƙasa ya nutse, na sama na numfashi. Mai yawan bin rairayi da ƙura zai iya sa ɗan ƙaramin matacin mai a reshen saman, domin duk ƙurar da tiyon ya shaƙa, cikin tanki za ta, daga nan sai kafireto ko injekta.

Batun bawul

Babura da yawa suna zuwa da ɗan bawul, wato abin da ke barin iska ta shiga tanki ya hana mai fita, a tsakiyar tiyon, wasu kuma mutane ke saya su ɗora a hancin murfi su yar da tiyon gaba ɗaya. In za ka sa, gwada shi da sirinji kafin ka ɗaura. Bakin da iska ke fitowa ta cikinsa ba cikas in ka tura ta ɗaya bakin, shi ne zai nufi tanki. Yawanci akwai kibiya a jiki, amma gwajin ya fi kibiyar tabbas. Wanda aka sa a juye, daidai yake da toshe tiyon. Wuri mafi kyau gare shi shi ne kusa da murfi, a tsaye ko kusa da tsaye, don wasu ƙwallo ne a ciki, nauyinsa ke zaunar da shi.

Sai ka sake gwada shi ta ɗaya fuskar, nan ne maganar take. Bawul mai kyau yana hana ruwan mai fita da yawa amma yana barin matsi ya sulale a hankali. Akwai waɗanda ke rufewa ruf, ko kaɗan ba sa bari. Fetur yana ƙaruwa da kusan kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin digiri 10 na zafi. Tanki mai lita 10 da aka cika da sanyin safiya, zafinsa ya ƙaru da digiri 20, ya samu ƙarin kusan mililita 200, ban da tururin da sassan fetur masu sauƙi ke fara yi tun zafi bai kai digiri 40 ba. In ba mafita, matsin zai danne allurar kafireto ya tura mai ta can, ko ya nemi mafi raunin roba ya ɓulle. Bawul ɗin da ba ya sakin matsi, ni dai ba zan sa shi ba. In murfinka ma yana da ƙwallo a ciki tun asali, bawul na biyu ƙari ne marar amfani.

Wannan lissafin ne kuma ya sa ba a cika tanki har baki. Bar ɗan sarari a ƙarƙashin wuyan tankin.

Baburan da aka yi don kasuwar Kalifoniya, da na Turai tun daga dokar Euro 4 ta 2016, suna da gwangwanin gawayi da ke kama tururin mai. A irinsu tiyon ba waje yake zuwa ba. Daga tanki ya bi ta bawul ɗin da ke rufewa in babur ya kife, ya shiga gwangwanin. Daga gwangwanin wani tiyo ya tafi inda inji ke shan iska, wani kuma ya buɗe ga sarari. Kafin ka cire komai, ɗauki hoto da wayarka, ka sa wa kowane tiyo alama, ka mai da shi bakinsa. Bawul ɗin kifewa dole ya zauna a tsaye yadda aka sa shi, in ya karkace zai ɗauka babur ya faɗi ya rufe. A wuraren da dokar ke aiki, cire gwangwanin daga babur mai hawa titi laifi ne.

Gwaji

Mai da komai wurinsa, har kujera da robobi, domin su ma sukan danne. Sa sirinji a bakin ƙarshe ka tura iska, murfi a rufe. Ta shiga ba tauri. Ta da inji ka bar shi yana aiki a hankali, ka karya kai hagu da dama iya ƙarshe. In ƙarar injin ta tashi, to akwai abin da ke jan wayar totur, koma ka gyara. Riƙe birkin gaba ka danna kan babur ƙasa da ƙarfi, ka zauna ka yi sukuwa a kujera, kana duba ko akwai inda tiyon ke gogar wani abu ko yake kusantar zafi in shakazoba ta nutse.

A babur mai kafireto akwai gwajin da ba ya ƙarya. Kashe inji, cire tiyon mai daga kafireto ka sa bakinsa a jarka, buɗe makullin mai, murfin tanki a ɗaure. Bar shi ya zuba kamar lita ɗaya. In gudun man bai canza ba daga farko har ƙarshe, numfashi lafiya. In ya fara raguwa, sannan ka kwance murfi ya dawo da ƙarfi, akwai inda ya toshe.

Sai gwajin faɗuwa. Inji a sanyaye, makullin mai a rufe, ka samu wani ya taya ka ku kwantar da babur a hankali ta hagu, ku ɗan jira, ku ɗaga, ku kwantar ta dama. Ɗan ɗigo ba komai ba ne. Abin da kake dubawa shi ne inda ya sauka, da kuma ko ya tsaya bayan an ɗaga babur ɗin. In ya ci gaba da zuba bayan an miƙar da shi, bakan da ke sama bai yi tsayi ba, ko tankin ya cika da yawa. Daga ƙarshe ajiye shi a rana na kamar awa ɗaya ka buɗe murfi. 'Yar ƙara kaɗan ba laifi. Feshi mai ƙarfi na nufin matsi ba ya fita, ka koma kan bawul.

Daga nan sai kulawa. Duk bayan tafiyar laka, in kana wanki, tsokaci bakin ƙasan da waya, ka leƙa ramin wuya. Kada ka saita ruwan wanki mai ƙarfi a bakin tiyon. Babur ɗin da ya daɗe a ajiye, duba bakin kafin ka hau, don zanzaro na son irin wannan ramin, yakan cushe shi da laka ya yi gida. Mai ɗora jaka a kan tanki ya duba ƙarƙashinta bayan ya ja maɗaurai. Lokaci zuwa lokaci matsa tiyon da yatsu kusa da murfi, nan yake fara tsufa saboda rana da murɗawa. In ka ji ya yi tauri, ko ka ga 'yan tsage-tsage in ka lanƙwasa shi, zare shi ka auna sabo da tsayinsa, ka bi hanyar da ka riga ka shimfiɗa.